Shin Ana Kama Bawa da Abin da Bai Zaɓa Ba? Bayani a Kan Ciwon Waswasi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da ƙiraza ke ɓoyewa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, likitan zukata, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata wahala da ke zaune a cikin sahun 'yan'uwa wadda ba a cika kiranta da sunanta ba. Ana ganin alamarta a bakin masallaci, inda mutum zai tsuguna da buta tun ladan bai rufe baki ba, har liman ya yi sallama shi bai gama wanke hannu ba. Ana ganinta wurin kabbarar harama, mutum ya ɗaga hannu ya sauke sau bakwai yana neman niyyar da zuciyarsa za ta yarda da ita. Ana ganinta wurin lazimi, carbi ya ƙare amma zuciya ta ce ba a cika ɗari ba, a sake daga farko, har hantsi ya yi. A ƙasar Malbaza da Dogarawa da Galmi, inda ruwa ke ƙara daraja da bazara, wahalar takan zama biyu: ga azabar zuci, ga jarkar da aka jawo da guminsa ko aka saya da kuɗi tana ƙarewa a alwala ɗaya.

Mutane sukan fassara abin yadda suka ga dama. Wani ya ce tsentseni ne ya yi masa yawa, wani ya ce karatu ne ya taɓa shi, wani ya ce aljanu ne ko sammu. Amma babu wanda ke yanke masa hukunci mai tsanani kamar shi kansa. A ɓoye yana ganin shi munafuki ne, ko ma ya fita daga addini bai sani ba, domin akwai tunane-tunanen da ke ɗarsuwa masa a cikin salla waɗanda ya gwammace a yanke masa harshe da ya furta su.

Tambayar da ke gaban mai hankali ita ce: wannan bawa mai laifi ne ko majinyaci? Ana kama shi da abin da ya faɗo zuciyarsa ba da zaɓinsa ba? In kuma ba a kama shi, mene ne ya rage a wuyansa, mene ne kuma a wuyan 'yan'uwansa?

Yadda likitocin ƙwaƙwalwa suka siffanta shi

Likitocin Nijar da ke rubutu da Faransanci suna taƙaita sunan wannan ciwo da TOC, na Najeriya kuma da OCD. Da Hausa babu sunan da ya fi dacewa da shi kamar ciwon waswasi. Ƙafafunsa biyu ne. Ta farko tunani ne ko hoto ko wani yunƙuri da ke kutsowa cikin zuciya yana maimaituwa, mai shi ba ya son sa, yana kuma tayar masa da hankali. Ta biyu aiki ne da mutum ke jin an tilasta masa maimaitawa don ya kashe wannan tashin hankali: wanki, ko dubawa, ko ƙidaya, ko sake tambaya, ko wata magana da yake nanatawa a zuci ba wanda ya ji.

Likita ba ya cewa mutum na da ciwon don kawai yana yin kokwanto wani lokaci. Ma'aunin da manyan littattafan ganewar cuta suka ajiye shi ne abin ya riƙa cinye lokaci mai yawa, kamar fiye da awa 1 a kullum, ko ya jawo ƙunci mai tsanani, ko ya hana mutum sana'arsa da karatunsa da zamansa da iyali. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka da ya fito a 2013 ya ware masa babi na kansa, haka ma kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a watan Janairun 2022. Tun 1989 kuma akwai ma'auni mai tambayoyi 10 da ake auna tsananinsa da shi, daga maki 0 zuwa 40.

Ana ƙiyasta cewa mutum 2 zuwa 3 cikin 100 za su yi fama da shi a tsawon rayuwarsu. In aka bi wannan ƙiyasi, da wuya a sami babban taron zikirin Juma'a da babu mai ɗauke da shi a ciki. Yakan fara ne tun ƙuruciya ko farkon samartaka, sau da yawa kafin shekara 20, kuma yakan riga kama yara maza da wuri. Wasu mata yakan taso musu ne da juna biyu ko bayan haihuwa, uwa ta riƙa ganin hoton kanta tana cutar da jaririnta, har ta ji tsoron ɗaukarsa ko riƙe wuƙa kusa da shi, alhali babu wanda ya fi ta son sa.

Wannan ciwo dabam yake da abin da jama'a ke kira hauka. Mafi yawan masu waswasi sun san cewa abin da suke yi ya wuce kima, suna jin kunyarsa, shi ya sa suke ɓoye shi shekara da shekaru. Hankalinsu na nan. Abin da ya samu matsala shi ne jin nan na “ya isa” da ke zuwa wa kowa bayan ya gama aiki. Binciken hotunan ƙwaƙwalwa ya nuna cewa wata da'ira da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa, daidai saman idanu, da wasu sassa na can ciki, tana aiki fiye da ƙa'ida a wurin masu wannan ciwo. Aikinta shi ne ta faɗakar cewa akwai kuskure, sannan ta yi shiru in an gyara. A wurinsu ba ta yin shirun. Manomin albasa a Galmi ya san cewa ruwa ne ran shukarsa, amma in injin ban-ruwa ya ƙi mutuwa, ruwan nan shi zai ruɓar da ita. Bincike a kan tagwaye kuma ya nuna cewa gado na da hannu babba a ciki, ko da yake ba shi kaɗai ba ne.

Ciwon yakan shiga ta ƙofar abin da mutum ya fi girmamawa. Farfesa Ahmad Ukasha na Masar da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 1994 a kan majinyata 90, suka tarar kashi 60 cikin 100 waswasinsu ya shafi addini da tsarki. A wurin wasu al'ummu kuma yakan fito ta tsoron ƙwayoyin cuta ko duba makullin ƙofa. Kiristoci da Yahudawa masu ibada sun san irinsa a cikin nasu ayyukan. Wannan na nuna cewa addini ba shi ke haifar da ciwon ba. Riga ce da ciwon ke sawa in ya shiga gidan mai addini.

Tunani na ratsa kowa

A 1978 wasu masana biyu a Ingila, Rachman da de Silva, sun tambayi mutane masu lafiya ko mugun tunani kan faɗo musu haka kawai. Mafi yawansu suka ce yana faɗowa, kuma irinsa bai bambanta sosai da na majinyata ba. A 2014 an sake irin wannan bincike a kan ɗalibai 777 a ƙasashe 13, aka sami kusan kashi 94 cikin 100 sun shaida haka. Ashe zuciyar ɗan Adam kamar babbar hanyar da ta ratsa Malbaza daga Ƙonni zuwa Madawa take: kowace irin mota na bi, kuma ba a tambayar mai gidan bakin titi abin da suka ɗauko.

Bambancin yana wurin fassara. Mai lafiya tunanin zai zo ya wuce, ya manta da shi. Mai waswasi zai tare shi ya ce: tun da na yi wannan tunani, lalle akwai mugun abu a cikina. Sai ya shiga kokawar korarsa. A 1987 wani masani a Amurka, Daniel Wegner, ya gwada hana mutane tunanin wata farar dabba na 'yan mintoci, sai ga shi hanin bai kore ta ba, bayan an sake su ma ta fi dawowa. Duk wanda ke tsaron ƙofa don kada wani tunani ya shigo, dole ya riƙa tuna kamanninsa.

Daga nan sai a nemi sauƙi ta maimaita aiki. A sake alwala, hankali ya ɗan kwanta. Wannan ɗan sauƙin shi ne tarkon, domin ya koya wa ƙwaƙwalwa cewa da ba a sake ba da an halaka. Kamar mai ba ɗan ta'adda kuɗi ne don ya bar masa ƙofar gida: yau zai tafi, gobe zai dawo da wuri, kuma farashi ya hau.

Abin da malamai suka riga suka yanke

Malaman Musulunci ba su jira ƙarni na 20 ba kafin su dubi wannan al'amari. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya yi bayanin waswasi a littafinsa na lafiyar jiki da ta rai a matsayin lalurar da ake yi wa magani, ya kuma yi gargaɗi game da kaɗaici da zaman banza ga mai ita. Ibn Ƙudama, wanda ya rasu a 1223, ya rubuta risala guda a kan masu waswasi. Malaman Malikiyya kuma suna ruwaitowa daga Shehu Zarruƙ cewa tushen waswasi ɗayan biyu ne, ko jahiltar sunna ko wata tangarɗa a hankali. Na farko ilmi ke warkar da shi. Na biyu shi ne wanda mutum ya san hukuncin sarai, ya ma iya karantar da shi, amma bai iya tsayawa a kansa ba.

Game da laifi kuwa, Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rarrabe abin da ke gudana a zuciya kafin aiki zuwa matakai huɗu a cikin Ihya'u. Akwai abin da ke ɗarsuwa, sai karkatar ɗabi'a zuwa gare shi, sai hukuncin zuciya cewa ya kamata a aikata, sai himma da ƙuduri. Ya bayyana cewa biyun farko ba a kama bawa da su, domin ba su shiga ƙarƙashin zaɓinsa ba. Asalin wannan yana cikin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, mai nuna cewa an yafe wa wannan al'umma zancen zuci matuƙar ba a furta shi ko an aikata ba.

A cikin Sahihu Muslim kuma an ruwaito cewa wasu sahabbai sun kai kuka ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa suna samun wani abu a zukatansu wanda faɗarsa ta yi musu girma. Bai tsawata musu ba, sai ya shaida musu cewa wannan shi ne tsantsar imani. Masu sharhi sun bayyana cewa abin da aka kira imani a nan shi ne ƙyamar da suka ji da tsoron da ya hana su furtawa. Likitoci ma da wannan alama suke gane ciwon: tunanin ya saɓa wa abin da mai shi ya yarda da shi, shi ya sa yake ƙona shi. Wanda ba ya girmama abu ba ya rasa barci don tunanin ya ci zarafinsa.

To amsar tambaya ta farko a fili take. Ba a kama bawa da abin da ya kutso masa. Mai waswasin saki bai saki matarsa da tunani ba, mai waswasin ridda bai fita addini da abin da yake kuka a kansa ba.

Shaiɗan ne ko ƙwaƙwalwa?

Wani ɗan'uwa zai iya cewa: Alƙur'ani ya dangana waswasi ga Shaiɗan, sufaye kuma sun kasa abin da ke ɗarsuwa zuwa na Ubangiji da na mala'ika da na rai da na Shaiɗan. In aka ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a musanta wannan ba ke nan?

Ba a musanta ba, domin maganganun biyu ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Likita yana bayanin sababin da ake gani a jiki, wahayi kuma yana ba da labarin abin da ido ba ya kaiwa. Mumini ya yarda sauro ke ɗauko zazzaɓin cizon sauro, bai kuma daina yarda cewa Allah ne Mai jarrabawa da cuta ba. Kowa Shaiɗan na yi masa raɗa, kamar yadda iskar hunturu ke bugun kowa, amma mai ciwon ƙirji ita ke kwantar da shi. Ba don iskar ta fi ƙinsa ba, kuma ba don ya fi kowa sakaci ba. Wanda ya ce wa irin wannan majinyaci imaninsa ne ya yi rauni, ya ƙara wa ciwon itace, domin abin da ciwon ke gaya masa ke nan dare da rana.

Tsentseni dabam, waswasi dabam

Hanyar tarbiyya tana koyar da muraƙaba da yi wa kai hisabi, don haka wajibi ne a rarrabe su da wannan ciwo, kada a yaba wa cuta da sunan wara'i. Tsentseni yana da dalili na zahiri: mutum ya ga alamar najasa, ko ya san kuɗin nan akwai shubuha a cikinsa. Waswasi ba shi da hujja sai “wataƙila”. Tsentseni yana da iyaka, ana yinsa a gama a sami natsuwa, shi kuwa waswasi ba a gama shi. Mai tsentseni yana bin gwargwadon shari'a, ya girmama babba ya sauƙaƙa ƙarami. Mai waswasi yakan zuba dukan ƙarfinsa a kan ɗigon ruwa, jam'i ya wuce shi, wani lokaci ma lokacin sallar ya fita. Garin gyaran gira ya rasa ido.

Ma'aunin duka shi ne sunna. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudun ruwa, wanda bai kai lita 1 ba, yana kuma wanka da sa'i, wato mudu 4, zuwa mudu 5. Ƙari a kan wanki 3 abin ƙi ne. Babu wanda zai fi shi tsarki ta hanyar fin sa zubar da ruwa.

Inda Ahalari ya haɗu da likita

A mazhabar Malikiyya, kokwanto a kan warwarewar alwala yana wajabta sake ta. Wannan hukunci ne na mai lafiya. Amma littafin Ahalari, wanda yara ke karantawa a makarantun zaure, ya cire mai waswasi daga ciki, ya ce babu komai a kansa. A babin rafkanwa kuma ya umurce shi ya watsar da waswasin, kada ya kawo abin da yake kokwanto a kai, ya yi ba'adi kawai. Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ta zo da irin wannan ga wanda kokwanto ya aure shi, masu sharhi kuma suka ce shi ne wanda abin ke zo masa kullum ko da sau ɗaya ne. An kuma ruwaito a Bukhari da Muslim cewa an kai wa Annabi ƙarar mai jin kamar wani abu ya fita daga gare shi a salla, ya hana shi yanke sallar sai in ya ji ƙara ko wari.

A 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam a Landan, Victor Meyer, ya gwada wata hanya a kan majinyata biyu: a bar su su fuskanci abin da suke tsoro, a hana su aikin da suka saba yi don samun sauƙi. Wannan hanya ta fuskanta da kamewa ita ce har yau kan gaba a maganin ciwon. Majinyaci da mai kula da shi suna jera abubuwan tsoronsa daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ya yi alwala sau ɗaya da buta ɗaya, ya tashi ya yi salla duk da zuciyarsa na ihu. Tashin hankalin zai hau, in bai biye masa ba zai sauka da kansa, kuma da maimaitawa ƙwaƙwalwa za ta koyi cewa ana iya rayuwa da kokwanto. Sau da yawa akan ɗauki zama 12 zuwa 20. Wanda ya dubi wannan da kyau zai ga hukuncin Ahalari ne aka mayar darasi daki-daki.

A nan ne wata tambaya mai nauyi ke tasowa. In ya watsar da kokwanton, alhali a haƙiƙa alwalar ta warware fa? Ba a jefa shi cikin haɗari ba? Amsa ita ce, bawa ba a umurce shi da samun yaƙinin da ya fi ƙarfin ɗan Adam ba, an umurce shi ne da bin hukunci. In shari'a ta ce masa ya wuce, wucewar ita ce ɗa'a, tsayawar kuma ita ce saɓawa. Mai waswasi yana ganin kamar maimaitawa ce hanyar da ta fi aminci, amma a ƙarƙashinta akwai wani zato game da Allah, cewa Yana jiran bawa da tarko a kan abin da bawan bai sani ba. Mutanen wannan hanya sun san girman kyautata zato ga Ubangiji, sun kuma san cewa ba da kammalar aikinsa ake karɓar bawa ba, da falala ce. Saboda haka mujahadar mai waswasi ba ƙarin wanki ba ce. Mujahadarsa ita ce ya ajiye buta yana jin bai gama ba. Wannan shi ne abin da ya rage a wuyansa: ba a tambayarsa zuwan tunani, amma ana neman ya nemi magani, ya kuma yi iya ƙoƙarinsa wajen ƙin biye masa.

Akwai wani wuri mai santsi da ya shafi masu zikiri musamman. Ciwon yana iya mayar da neman tsari ko istigfari ya zama sabon aikin tilas, mutum ya riƙa maimaita shi duk lokacin da tunani ya zo don ya goge shi, har ya kasa sauraren mai yi masa magana. Hadisin da ya koyar da neman tsari daga irin wannan raɗa ya haɗa shi da umurnin a daina bin zancen, kuma wannan rabin ne ake yawan mantawa. Wuridi yana da adadi da lokaci da shehunai suka iyakance, har gyaran kokwanto a cikinsa yana da iyaka sananna. Zikirin da ake yi don Allah dabam yake da wanda tsoro ke karɓa kamar haraji. Wanda kokwanto ya aure shi a lissafin carbi ya kai maganarsa ga muƙaddaminsa sau ɗaya, ya riƙe abin da aka ce masa, kada ya sake lazimi daga farko.

Ƙwayar magani da tawakkali

Ban da wancan horo, akwai magunguna da ke aiki a kan sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, irin su fuloksetin da satralin da kilomifiramin. Ba sa aiki nan take. Akan jira mako 8 zuwa 12 kafin a yanke hukunci a kansu, kuma awon da wannan ciwo ke buƙata yakan fi na ciwon baƙin ciki. Kimanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na majinyata sukan sami sauƙi mai ma'ana da maganin farko, in kuma bai yi ba akwai wani. In an sami sauƙi akan ci gaba da sha shekara 1 ko fiye, kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Ba abin saye ba ne a tiren masu tallan magani ranar kasuwa, haɗa shi da tiramol kuma yana da haɗari ƙwarai. Mai azumi ya tambayi likita yadda zai mayar da shan sa dare.

Wanda ke ganin shan magani ya saɓa wa tawakkali ya tuna cewa sunna ta yi umurni da neman magani. Ya tuna kuma da tarihin ƙasarsa. A Maratta, kusa da Galmi, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, ɗansa kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, yana cikin malaman da suka yi rubuce-rubuce a kan ilmin magani. Ba su ga saɓani tsakanin riƙon carbi da riƙon sababi ba. Mutanen wannan yanki ba sa jin kunyar kai mai karaya ko mai doguwar naƙuda asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950. Ƙwaƙwalwa ma gaɓa ce daga gaɓoɓin jiki, ba ta fi ƙashi ƙarfin ƙin ciwo ba.

Likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne a Nijar, mafi yawansu kuma a Yamai, inda babban asibitin ƙasa ke da sashen wannan fanni. Amma ana iya farawa daga likitar da ke kusa, a yi bayani dalla-dalla, a nemi a tura mutum gaba zuwa Tawa ko Yamai. A ƙetaren iyaka kuma, a kan hanyar Illela zuwa Sakkwato, akwai asibitin tarayya na lalurorin ƙwaƙwalwa a Kware. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a suna nan a matsayinsu, sai dai kada su zama dalilin jinkirta zuwa asibiti, kada kuma a bari wani ya doki majinyaci ko ya ɗaure shi da sunan fitar da aljani. Ciwon yakan jawo baƙin ciki mai zurfi. In mai shi ya fara cewa mutuwa ta fi masa, wannan magana ce ta gaggawa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Haƙƙinsa a kan 'yan'uwa

Mai waswasi yakan riƙa zagaya malamai da tambaya ɗaya. Ya ji amsa ya natsu, da la'asar ya dawo da ita cikin wata riga. Malamin da ke amsawa kowane lokaci don tausayi ya zama wata butar alwala bai sani ba. Abin da ya fi amfani shi ne a ba shi hukunci sau ɗaya a fayyace, in ya dawo a ce masa cikin taushi: “Ɗan'uwa, an riga an amsa wannan, kuma amsar ba ta sake ba. Tashi mu je wazifa.” Ko hadisin tsantsar imani, in ya zama abin da yake neman a karanta masa sau goma a yini, ya koma cikin ciwon.

Haka iyali. Matar da ke tsayawa tana ƙirga wa mijinta wankin gaɓoɓi, ko uwar da ke sake wanke tufafin da ba su da komai don ɗanta ya yi shiru, soyayya ce ta sa su, amma ciwon suke ciyarwa. Janye irin wannan taimako ana yinsa ne sannu a hankali, da sanin majinyacin, ba da faɗa ko gori ba. Dariya kuwa a bakin masallaci, da laƙabin da yara ke bin mutum da shi, zalunci ne da ke tura shi cikin ɗaki, kaɗaicin kuma shi ne abin da al-Balkhi ya yi gargaɗi a kansa tun fiye da shekara 1000. Muƙaddamin da muridi ya buɗe wa irin wannan sirri an ba shi amana mai nauyi. Ya saurara ba tare da ya nuna firgita ba, ya rufa asiri, ya bayyana hukunci, in ya ga abin ya wuce jahiltar mas'ala ya ce masa ya je likita, in da hali ma ya haɗa shi da mai raka shi. Kalma ɗaya daga bakinsa tana iya buɗe ƙofar da nasihar mutum goma ba ta buɗe ba.

Allah Ya yaye wa duk mai fama da wannan jarrabawa, Ya sanya haƙurinsa a mizani, Ya ba shi ƙarfin tsayawa inda shari'a ta tsayar da shi. Allah Ya sanya tausayi a zukatan 'yan'uwa, Ya ba malamai da likitoci basirar taimakon bayinSa, albarkacin Shugaban halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.